Ina Bamfaya Ya Samo Baƙar Alkyabbarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A ƙarshen watan Oktoba ƙanwata da ke karatu a Ingila ta turo mini hotunan yaran unguwarsu a bikin Halowin, sai na ga da yawansu sun sa baƙar alkyabba mai tsayayyen wuya, sun shafa farar hoda, ga fiƙoƙin roba a baki. Ta ce shigar bamfaya ce, wato mamacin da ake cewa yana tashi daga kabari ya sha jinin mutane. Shin haka aka san shi tun asali? Kuma shi ne mayen Turawa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shigar da kika gani sai a shekarun 1920 ta kafu, kuma a dandamalin wasan kwaikwayo aka ɗinka ta. Mutanen da suka fara jin tsoron bamfaya da gaske ba za su gane shi a cikinta ba.

Camfin ya daɗe a ƙauyukan gabashin Turai, amma ya shiga takardun hukuma ne bayan 1718, lokacin da Austiriya ta karɓe arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya. A 1725 wani jami'inta ya ba da rahoton yadda mutanen ƙauyen Kisiljevo suka tono gawar wani manomi mai suna Petar Blagojević, suka soke ta da tsinin itace, suka ƙone, saboda sun ɗora masa mace-macen da suka biyo bayan rasuwarsa. A 1732 likitocin soja suka rubuta makamancin rahoton a kan ƙauyen Medveđa. Abin da waɗannan mutane suka gani a kaburbura shi ne gawar talaka cikin likkafani, a kumbure, fuskarta ta yi ja ko ta yi duhu, da wani ruwa mai kama da jini a gefen baki. Yau an san cewa ruɓewa ce ke kawo duk wannan, domin iska tana taruwa a ciki ta kumbura jiki, ta turo ruwa ta baki da hanci, fata kuma ta ja da baya har farata su zama kamar sun ƙara tsawo. Manoman da annoba ke ɗauke wa 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya sun ɗauki kumburin a matsayin ƙoshi, suka ce jinin danginsu ne ya cika cikin. Lamarin ya kai har sarauniyar Austiriya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, sannan ta hana tonon gawawwaki.

Marubuta ne suka cire masa likkafani suka ba shi sarauta. A 1819 likita John Polidori ya fitar da gajeren labari mai suna The Vampyre, inda ya mai da shi basaraken Ingila, fari fat, mai shiga taron manya yana yaudarar 'yan mata. Daga nan ramammen mai kuɗi ya maye gurbin kumburarren manomi. Ko littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, bai ba mu kyakkyawan saurayi ba: bamfayansa mai suna Dracula tsoho ne dogo mai farin gashin baki, sanye da baƙi daga sama har ƙasa, da gashi a tafin hannu da warin baki, kuma yana iya yawo da rana ko da yake ƙarfinsa kan ragu. Maganar cewa hasken rana yana halaka shi ta samo asali ne daga fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, wanda ya nuna shi da sanƙo da dogayen farata da haƙoran gaba irin na ɓera.

Alkyabbar kuwa dabarar sana'a ce, kuma a ganina nan labarin ya fi daɗi. A 1924 Hamilton Deane ya mai da littafin Stoker wasan kwaikwayo a Ingila. Tunda yawancin wasan a cikin falon gidan masu hali yake gudana, dole Dracula ya zama baƙon da za a iya buɗe wa ƙofa a ba shi kujera, don haka aka sa masa baƙar kwat ta zuwa liyafar dare da farar riga, aka ɗora alkyabba a kai. An ɗaga wuyanta sama sosai domin idan ɗan wasan ya juya wa 'yan kallo baya ta rufe kansa gaba ɗaya, abokan wasansa su riƙe ta kamar sun kama shi, shi kuma ya zame ta wata ɓoyayyar ƙofa a daɓen dandamali, sai a ga alkyabba ta faɗi ba kowa a ciki. Bela Lugosi, ɗan asalin Hangari, ya sa wannan shiga a dandamalin New York a 1927, sannan a fim ɗin 1931, ya ƙara da gashi a kwance luf zuwa baya da maganarsa mai nauyin harshe. Shigar ta manne masa har da ya rasu a 1956 da alkyabbar aka binne shi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a duk tsawon fim ɗin ba a nuna fiƙoƙi a bakinsa ba. Fiƙoƙin sun fito fili ne a wani fim na Turkiyya na 1953 da ya kai Dracula birnin Istanbul, sannan ɗan wasa Christopher Lee ya kafa su a zukatan jama'a a 1958, a fim mai launi da ya nuna jajayen idanu da jini a leɓe. Yaran da kika gani sun haɗa alkyabbar Lugosi ne da bakin Lee.

Bayan haka kowane zamani ya yi masa ɗinkinsa. Ya zama ɗan tsana mai koya wa yara ƙidaya a shirin Sesame Street tun 1972, ya sa doguwar kwat ta fata a finafinan faɗa na ƙarshen shekarun 1990, ya koma ɗan makarantar sakandare mai soyayya a fim ɗin Twilight na 2008. Ni dai ina ganin kowace sabuwar riga tana rage masa ban tsoro, har ya zama abin da uwa za ta saya wa ɗanta a kanti. Wataƙila shi ya sa sabon Nosferatu na 2024 ya koma baya, ya nuna gawa mai ruɓewa da gashin baki cikin tsofaffin tufafin sarauta.

Game da maye, akwai kama ta fuska ɗaya, domin dukansu bayani ne da jama'a kan nema idan mutum yana ramewa ko mutuwa ta yawaita ba a san dalili ba. Amma a camfin Hausa maye rayayyen mutum ne, kurwa ake cewa yana kamawa, kuma ba shi da wata shiga da za a gane shi da ita. Wannan rashin alama ne ya sa zargin maita ya fi haɗari, saboda manoman Sabiya gawa suka soke, mu kuwa idan zargin ya tashi a unguwa kan maƙwabciya yake faɗawa, sau da yawa tsohuwa marar gata, alhali abin da majinyacin yake buƙata shi ne a kai shi asibiti a gano cutar da ke cinsa.