Gidan kakanmu nake son maidawa jardan, in rushe ko in gyara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Muna da gidan gado a unguwar Bagalam, nan Maraɗi, kakanmu ya gina shi bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da aka maido gari bisa tudu. Na ƙasa ne, da zaure mai daurin guga da zankwaye. Ina son buɗe jardan, wato makarantar yara ƙanana, a ciki, amma mason, mai ginin bulo, ya ce ko a rushe ko a shahe shi duka da siminti. Ni wallahi raina bai so ba. Mi za ni yi?
Wata mai karatu, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki rushe, kuma don Allah kar ki bari a shafa ma bangon nan siminti. Ginin ƙasa numfashi yake, ya sha danshi ya fitar, in an rufe shi da siminti sai ruwa ya maƙale a ciki yana cin tubali ke ba ki sani ba, kina ganin bango sumul har ranar da ɓawon zai ɓallo gaba ɗaya da damina, kuma ga yara a ƙasa. Ki ƙwanƙwasa irin wannan bango ki ji, kamar ganga.

Shi mason ba mugunta ba ce, bulo ya koya. Ki nemo tsohon magini wanda ya san yaɓe da makuba, ya duba gindin bango inda ruwa ke zaizaya, ya soka wuƙa a kan azara inda ta shiga gini, giginya ba ta jin gara sosai amma in rufi na yoyo tana ruɓewa. Indararo kuma a tsawaita shi ya zubar nesa da bango.

Zauren nan ki bar shi yadda yake, nan uwaye za su aje yara su ɗauka, kuma a watan Afrilu sanyinsa ya hi na kowane aji mai rufin kwano. Ɗakunan ciki dai duhu gare su, sai an ƙara taga, amma ƙanana, kuma ba kusa da kusurwa ba. Dokin ƙofa a rage mai tsawo, rijiya a yi mata murfi da kwaɗo. Bayi da famfo ki yi su sabbi da siminti can ƙarshen tsakar gida.

Af, tunda na gado ne, magada duka su sa hannu a takarda kafin ki kashe ko dala, sannan ki kira ma'aikatan ilimi su zo su gani tun ba a soma aiki ba.