Amsa: ƙara wa injin Corolla ƙarfi ba da turbo ba

Malam, ka tambaya ko sake ɗaura injin Corolla ɗinka, samfurin 1ZZ, zai ƙara masa ƙarfi. Zai ƙara, amma kaɗan.

Fara da auna matsin kowace silinda. Tsofaffin 1ZZ sun shahara da shan baƙin mai saboda ringin fistin na maƙalewa. In ka ga shuɗin hayaƙi a salansa da filogi ya yi baƙi ƙirin, can ƙarfinka ke zurarewa. Maganinsa: sabon ringi, a wasa bawul, a sa gasket mai kyau.

Don Allah kar ka bari bakanike ya kankare kan injin da yawa, don hakan na ƙara matsi. Matsinsa 10:1 ne tun daga kamfani. In ka ƙara matsin, da fetur ɗinmu da zafin Afrilu sai injin ya fara ƙwanƙwasa.

In gudu kake so sosai, nemi injin Toyota samfurin 2ZZ, mai ƙarfin doki kusan 180.