Kai mai matsafin mataki na 3, ga abin da ya same ni

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, kamar ni na rubuta ta shekara biyu da suka wuce. Matsafi a mataki na 3 a wasan Dungeons & Dragons, DM, wato mai jagorantar wasan, ya ce kowa ya zaɓi kayan tsafi ɗaya daga aji na biyu, ga zinare 300 a hannu, kai kuma ranka ya rabu tsakanin Headband of Intellect, rawanin ƙara basira, da sandar da za ta ƙara wa harinka kaifi. A wannan mararrabar na tsaya ni ma, kuma hanyar da na ɗauka kabari ta kai ni.

Wand of the War Mage na zaɓa, mai ƙara 1 a harin tsafi. Ina ta jin kaina, sanda a hannu kamar matsafan littattafan yaƙi. Ban ko tsaya na dubi takardata ba. Jini 14 kacal gare ni, don na bar Con, makin ƙarfin jiki, a 10 na zuba komai a Int, makin basira. Abin dariyar ma, tsafin da na dogara da su, Sleep da Web da Magic Missile, babu ko ɗaya da ake jefa hari a kansa. Ashe Fire Bolt kaɗai na saya wa sanda.

Amma ba sandar ce ta fi ci mini rai ba. A zama na gaba muka tsinci Cloak of Protection a wani kogo. Akwai wani a tawagarmu, ba zan kama suna ba, mayaƙi mai sulke da garkuwa, AC (makin kariya) 18, jini 28. Kafin DM ya gama bayanin alkyabbar ya ce tasa ce, wai shi ne a gaba, shi ake duka. Na ce malam, ni AC 12 gare ni in ban yi Mage Armor, tsafin sulke, ba, ko iska ta kaɗa sai na faɗi. Sai ya ce ai matsafi a baya yake tsayawa, wa zai taɓa ka? Sauran suka yi shiru, ni ma kunya ta hana ni ja. Har yau ina jin haushin shirun nan nawa fiye da haushinsa.

Mako biyu bayan haka muna cikin wani lungu, ni a baya kamar yadda ya tsara. Ban yi Mage Armor ba don ina tattalin gurbi, wato damar yin tsafi da ake ƙonawa duk sanda aka yi shi, huɗu ne fa na matakin farko, ina ganin asara ce in ƙona ɗaya tun da safe. Wani dodo, bugbear, ya fito ta bayanmu, ya shammace ni, ya kuma riga ni a jerin motsi. Ka san dokar 2014, wanda aka shammata ba ya iya mayar da martani sai juyinsa na farko ya wuce, don haka ga tsafin Shield a shirye amma ba damar amfani da shi. Harinsa ya tashi 12 cif. Da alkyabbar tana jikina AC ɗina 13 ne, da ya kuskure. 2d8+2 (ɗan lido mai fuska 8 sau biyu, a ƙara 2) da ƙarin 2d6 na shammata, jimla 19, na zube. Jifan mutuwa na farko ya ba ni 9. Alkyabbar nan tana ƙara 1 a kowane jifan tsira, har da na mutuwa, da 10 ke nan, na ci. Mayaƙin nan yana da kwalbar magani a jakarsa, taku kaɗan tsakaninmu, ya ce bari ya fara gama da dodon. Jifa na biyu ya fito 1, wanda ake ƙirga shi faɗuwa biyu, jimla uku, matsafina ya mutu. Shi ke nan. Wata biyar ina rainon matsafin nan, har tarihin kakanninsa na rubuta. Na kashe makirufo na zauna ina kallon bango. Da na dawo sai na ji suna lissafin nawa za su sayar da littafin tsafina. Ko minti goma ba a yi ba!

To, ka yi haƙuri, na yi nisa. Rawanin nan da kake so, dubi Int ɗinka tukuna. Yana mayar da shi 19 ne, wato +4. In kana da 16 yanzu, mataki ɗaya ya rage ka kai na 4, ka ƙara 2 ka zama 18, shi ma +4 ne, rawanin ya zama ado. Sai dai in ka yi niyyar barin Int yadda yake ka zuba ƙarin a Con, wannan dabara ce mai kyau, na ga wanda ya yi ta ya ji daɗi. In ba haka ba, bar shi.

Da ni ne yau, tsakanin abu biyu zan tsaya: alkyabbar ko Pearl of Power. Lu'ulu'un yana dawo maka da gurbi ɗaya da ka ƙona, har zuwa na mataki na 3, sau ɗaya kafin wata asubar. Yanzu da kake da gurbi biyu kacal na mataki na 2, na uku ba ƙaramin abu ba ne, kuma in ka kai mataki na 5 Fireball guda ce kyauta kullum. Abin da ya fi wannan, yana cire maka rowa. Rowar gurbi ce ta kashe ni. Mage Armor awa 8 yake yi, ya kai AC ɗinka 13 da ƙarin Dex ɗinka, makin zafin nama, ka yi shi tun kafin ku shiga ko'ina, kar ka yi wa kanka wayo. Kar kuma ka manta Arcane Recovery, baiwar matsafi ta dawo da gurbi, a gajeren hutu, a matakinka gurbi na mataki na 2 guda yake mayarwa ko na farko biyu. Ni na yi wata biyu ban san ina da shi ba, kuma babu wanda ya tuna mini.

In kuma lallai sai sanda, ɗauki Wand of Magic Missiles. Caji 7, ba ta kuskure, ba ta cin ko ɗaya daga guraben ɗauri uku, iyakar kayan tsafin da za ka iya ɗaura wa kanka, tana dawo da 1d6+1 kowace asuba. Ka riƙa barin caji ɗaya, don in ka ƙarar da na ƙarshe za ka jefa d20, in 1 ya fito ta zama toka. Da irin sa'ata ba na gwadawa. Wand of Web ma kar ka raina ta, DC ɗinta, lambar da abokin gaba zai kai kafin ya tsira, 15 ne a dokar 2014 alhali naka ba zai wuce 13 ba in Int ɗinka 16 ne. Amma tana bukatar ka riƙe hankali, kibiyar goblin ɗaya ta same ka, ka faɗi jifan Con, yanar ta watse. Ka ga mun sake dawowa kan Con ɗin.

Bag of Holding kuwa, jakar tsafi mai cin kaya, kar ka yarda su lallaɓa ka ka ɓata zaɓinka a kanta. Kowa zai zuba kayansa, ka zama jakin tawaga. Wanda yake so ya ɗauka da rabonsa.

Zinarenka 300: kwalbar magani biyu, 50 kowace, kuma ka gaya wa wanda ka yarda da shi aljihun da suke, don ba ka iya shayar da kanka kana sume. Ware 10 ka kira mujiya da Find Familiar, ta riƙa duba maka baya, da ina da ita watakila da bugbear ɗin bai shammace ni ba. Kwafar sabon tsafi 50 ne da awa 2 a kowane mataki, don haka kar ka rikice ka kwafi duk abin da ka gani. Kwafin ajiya na littafinka ya fi araha, 10 da awa 1 a kowane mataki, ban da 50 na littafin da ba a rubuta komai ba. Wasu DM suna son jiƙa littafi ko ƙona shi, kai ka san halin naka.

Sannan ku yi maganar rabon ganima tun kafin a samu, a fili, kowa yana ji. Mu ba mu yi ba. Mutumin nan har aka rufe labarin alkyabbar tana wuyansa, kuma ko sau ɗaya bai ce mini yi haƙuri ba, sai ma ya riƙa ba da labarin a matsayin abin dariya. Na bar teburin bayan wata ɗaya.

Turo mana Con da Dex ɗinka, da su wane ne a tawagarku. In akwai mai warkarwa ka ɗauki lu'ulu'un, in babu, alkyabba.