Me ake nufi da "hang out"?

Ɗan'uwa, ka ce kana yawan jin "hang out" a finafinan Amurka, alhali ƙamus ya ce maka "hang" ratayewa ne. To, a nan ba a rataye komai ba. Idan Ba'amurke ya ce "let's hang out", nufinsa ku haɗu ku zauna, a taɓa hira, a sha iska, ba don wani aiki ya tara ku ba. Kamar dai zaman majalisa bayan la'asar. Ana sa "with" kafin sunan mutum, "at" kuma kafin wuri: "I hang out with my friends at the shop."

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen faɗin abin da ya wuce. "Hung out" ake cewa, ba "hanged out" ba, domin "hanged" na wanda aka yanke wa hukuncin rataya ne.

Yana kuma nufin shanya: "hang out the clothes", wato shanya wanki a igiya. Idan aka haɗe shi ya zama "hangout", wurin da aka saba taruwa kenan, kuma daga nan Google ya samo sunan manhajarsa Hangouts, wadda ya rufe a 2022.

"Hang out" na zaman hira maganar tsara ce, ni dai ba zan sa ta a takardar neman aiki ba, ko in faɗa wa malamina. Samarin Amurka ma da ita suke fakewa idan suna son fita da yarinya amma suna jin nauyin kiran abin zance.