Me ya sa minista ke zille wa harajin miliyoyi, amma ma'aikaci ko kwabo ba ya iya ɓoyewa?

Tambaya: Na ji labarin wani shugaban jam'iyya mai mulki a Birtaniya da aka ce ya biya hukumar haraji kusan fam miliyan 5, amma ba a kai shi kotu ba, kujerarsa kawai ya rasa. Yaya aka yi haka? Kuma gaskiya ne cewa attajirai na biyan kaso mafi ƙanƙanta fiye da masu albashi?

Amsa: Malam, mutumin da kake nufi shi ne Nadhim Zahawi, wanda Firaminista Rishi Sunak ya sallama daga shugabancin jam'iyyar Conservative ranar 29 ga Janairun 2023. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce gindin maganar, ta farkon reshe ce.

Doka ba ta kallon kuɗin da aka samu da gumi da kuɗin da dukiya ta haifa da ido ɗaya. A Ingila, fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa fam 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari, sai kashi 40 har zuwa fam 125,140, abin da ya haura haka kuma kashi 45. Ban da wannan akwai kuɗin inshorar ƙasa, wani harajin daban da ake cirewa daga albashi. Duk wannan tun albashi bai shiga asusun ma'aikaci ba ake zare shi, wanda ya ɗauke shi aiki ne ke miƙa wa gwamnati. Malamar asibiti ko direban jirgin ƙasa takardar albashi kawai yake gani, an riga an yanke.

Mai hannun jari kuwa, idan darajar jarinsa ta ninka, ba ya biyan komai sai ranar da ya sayar. Idan ya sayar, harajin ribar jari yake biya, wanda kafin ƙarshen Oktoban 2024 bai wuce kashi 20 ba a kan hannayen jari, yanzu kuma kashi 24 ne. Ɗauki mutum biyu da ke saman matakin haraji, kowanne ya sami ƙarin fam 100,000. Wanda nasa ya zo ta albashi za a cire masa kimanin fam 47,000, haɗe da inshorar ƙasa. Wanda nasa ya zo ta sayar da jari, kimanin fam 24,000 zai biya. Idan ma ya ƙi sayarwa, ya jingina jarin a banki ya ci bashi ya yi hidimarsa, bashi ba kuɗin shiga ba ne, don haka babu haraji. Ran da ya rasu kuma harajin ribar da ta taru ya shafe, saura harajin gado, wanda shi ma yana da rangwame iri-iri.

Sunak da kansa ya nuna haka lokacin da ya fitar da bayanan harajinsa a Maris ɗin 2023. A shekarar haraji ta 2021 zuwa 2022 ya sami kusan fam miliyan 2, akasari ribar jari, ya biya kimanin fam dubu 432, wato wajen kashi 22 cikin ɗari. Bai karya doka ba. Wannan ne ma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, domin a ƙasar da ƙididdigar hukuma ta 2018 zuwa 2020 ta nuna kashi 10 cikin ɗari na gidaje mafiya arziki sun riƙe kashi 43 na dukiya, rabin da ke ƙasa kuma kashi 9 kacal, sassauta wa jari sassauta wa mutane ƙalilan ne.

Yanzu batun Zahawi. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jin ra'ayin jama'a na YouGov a shekarar 2000. Hannun jarin da za a zata nasa ne a matsayinsa na mai kafa kamfani, sai aka rubuta shi da sunan Balshore Investments, kamfani mai alaƙa da danginsa da ke rajista a Jibiralta, wani yankin Birtaniya na ƙetare. Shi ya ce mahaifinsa ne ya karɓi jarin saboda kuɗi da shawarar da ya bayar. Hukumar haraji ta HMRC ba ta gamsu da yadda aka raba jarin ba, ta fara bincike a 2021, aka daidaita a kan kusan fam miliyan 5, haraji da tara. An cimma matsayar ne a lokacin da yake ministan kuɗi, tsakanin Yuli da Satumban 2022, wato shi ne ke saman ma'aikatar da hukumar ke ƙarƙashinta. Kura ce aka ba ajiyar nama, ko da a ce ba ta taɓa ba.

Dalilin da ya hana zuwa kotu yana cikin yadda hukumar ke rarraba laifi. Idan ta ce sakaci ne, tarar ba ta wuce kashi 30 cikin ɗari na harajin da aka ƙi biya. Idan da gangan ne, tana kaiwa kashi 70. Idan da gangan ne kuma aka ɓoye sawu, har kashi 100, kuma tana iya zarce haka idan dukiyar a ƙetare take. Gurfanarwa a kotu sai an tabbatar da niyyar zamba, abin da ke cin shekaru da kuɗin lauyoyi, shi ya sa hukumar ta fi son a biya ta a rufe magana. Zahawi ya ce hukumar ta ɗauki nasa a matsayin sakaci. Mai kuɗin ɗaukar ƙwararrun akantoci yana da takardun da zai nuna cewa shawara aka ba shi, kuma wannan kaɗai kan sauko da shi daga matakin ganganci.

To me ya kore shi? Ba harajin ba ne kai tsaye. Mai ba Firaminista shawara kan ɗa'ar ministoci, Laurie Magnus, ya gano cewa bai bayyana binciken da tarar ba a lokutan da ƙa'idar ministoci ta wajabta masa. Wannan ƙa'ida ba dokar majalisa ba ce, Firaminista ne alƙalinta. Kafin Nuwamban 2024 ma mai ba da shawarar ba ya iya buɗe bincike sai da yardar Firaminista. Ka ga ke nan jam'iyya ce ke binciken kanta, kuma ba ta motsawa sai jaridu sun hura mata wuta. A wannan batu, lauyan haraji Dan Neidle ne ya yi ta tono takardun kamfani, duk da wasiƙun barazana daga lauyoyin ministan.

Akwai wata badaƙalar da ba a karya ko sashe ɗaya na doka ba. A Afrilun 2022 aka gano cewa Akshata Murty, matar Sunak kuma 'yar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys na Indiya, tana da matsayin wadda asalinta ba Birtaniya ba. Da wannan matsayi tana biyan fam 30,000 a shekara, ribar jarinta ta ƙetare kuma ba ta shiga harajin Birtaniya muddin ba ta shigo da kuɗin ba. Labarin ya fito ne a makon da ƙarin kashi 1.25 da mijinta, wanda ke ministan kuɗi a lokacin, ya yi wa inshorar ƙasa ya fara aiki a kan albashin ma'aikata. Ta amince za ta riƙa biya, tsarin kuma an soke shi daga 6 ga Afrilun 2025, aka maye gurbinsa da rangwamen shekara huɗu ga sababbin zuwa.

Kada ka ɗauka ciwon jam'iyya ɗaya ne. A 5 ga Satumban 2025 mataimakiyar Firaminista ta jam'iyyar Labour, Angela Rayner, ta ajiye muƙaminta bayan ta biya harajin sayen gida ƙasa da abin da ya kamata da kimanin fam 40,000. Gidan na fam 800,000 ne a garin Hove, kuma mai sayen gida na biyu yana biyan ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Ita ta ɗauka ta rabu da gidanta na farko tunda an mayar da shi cikin amanar da aka kafa wa ɗanta, amma doka tana lissafa irin wannan gida a matsayin na iyaye idan yaron bai kai shekara 18 ba.

Duk lokacin da irin wannan labari ya ɓulla, fara da duba ko harajin ne aka ƙi biya ko kuwa doka ce ta yafe shi, domin maganinsu daban ne: na farko aikin hukumar haraji ne, na biyu sai majalisa ta sauya doka. Sannan ka duba ranar da mutumin ya san da binciken, ka gwada ta da ranar da ya cike takardar bayyana kadarori da muradunsa. A batun Zahawi tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu ce ta raba shi da kujerarsa.