Ki Rufe Littafin, Ki Zana Zuciyar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, bana zan zauna WAEC da NECO. Matsalata Bayoloji. Sai in raba dare ina karanta yadda jini ke zagaya jiki, gari na wayewa ya bi iska. Wata ƙawata ta ce in riƙa zana abin da na karanta, to ni ko kofi ban iya zanawa ba. Shin da gaske zane yana taimakawa, ko ɓata lokaci ne? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙawarki ta yi miki gata, ki riƙe ta da kyau.

Maganar rashin iya zane kuwa, ki ajiye ta gefe. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada suka ba ɗalibai jerin kalmomi. Wata kalmar a ce su yi ta rubuta ta har daƙiƙa 40, wata kuma a ce su zana abin da take nufi a cikin wannan lokacin. Da aka zo tambaya, kalmomin da aka zana su aka fi tunawa, nesa ba kusa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kyan zanen bai ƙara komai ba. Mai zanen kaza ta fito kamar agwagwa shi ma ya amfana. Dalili kuwa, kafin ki zana abu sai kin tsaya kin fahimci mene ne shi, sannan hannu ya motsa, ido ya gani. Tun a 1971 wani masani mai suna Allan Paivio ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa tana ajiye kalma daban, hoto daban. In kika ajiye darasi ta hanya biyu, ɗaya ta ɓace miki a ɗakin jarrabawa, ɗayar ta kamo ta.

To ga zuciyar da ke hana ki barci. Ɗauki takarda da biro biyu, shuɗi da ja. Zana gida mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da katanga a tsakiya wadda ba ta da ƙofa ko ɗaya. Da shuɗin biro ki ja kibiya daga jiki ta shiga ɗakin sama na dama, ta sauka na ƙasa, ta fita zuwa huhu. Wannan shi ne jinin da ya gama aiki, iskarsa ta yi ƙasa. Canza biro. Jar kibiya ta taso daga huhu ta shiga ɗakin sama na hagu, ta sauka na ƙasa, ta fita zuwa ga dukkan jiki. Bangon wannan ɗakin na ƙarshe ki maimaita masa layi sau uku ya yi kauri, don shi ne mai tura jini har tafin ƙafa, alhali maƙwabcinsa huhu kawai yake aika wa, ga shi nan kusa. Ranar da aka tambaye ki dalilin kaurin bangon, hannunki ma zai tuna miki. Sai ki rubuta sunayen Turancin a jikin kowane ɗaki, harafi da harafi, don mai duba takarda ba ya yafe kuskuren rubutu.

Ki kula da wani tarko. Gefen dama na zuciya a hagun takarda yake zama, kamar mutum ne ya tsaya yana fuskantarki. Ni kaina da nake ɗalibi na juya su a gwaji, aka zabga mini jan biro tun daga sama har ƙasa, kuma a gabana aka ɗaga takardar aka nuna wa aji. Har yau ban sake mantawa ba, amma ba na so ki koya ta wannan hanyar.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan yawancin yara ke faɗuwa. In littafi yana buɗe kina kwafar hoton da ke ciki, aikin banza kike yi. Na ga ɗalibai da litattafai kamar lallen amarya, launi bakwai, ga ado a kowane shafi, a tambaye su ina jini ke zuwa daga huhu su yi tsuru-tsuru. Ki karanta, ki rufe littafin, ki zana daga kanki. Inda kibiyar ta tsaya kika rasa inda za ta nufa, nan ne ba ki gane ba, sai ki buɗe ki duba wurin kaɗai. Ai kin san tsarin makarantar allo: ba a wanke allo sai an biya wa malam da ka. Ke ma ki yaga takardar, gobe ki sake zanawa, bayan kwana uku ki ƙara, sannan bayan mako. Minti biyar ya isa kowane zama.

Ba kowane darasi ne ke karɓar wannan ba. Zagayen ruwa, narkewar abinci, sassan fure, taswirar kogin Neja da Binuwai da haɗuwarsu a Lakwaja, duk suna zanuwa. Amma lissafi sai an yi ta warware shi, waƙa da nassi kuma sai tilawa.

Tunda a jarrabawar gwaji ta Bayoloji dama sai an sa ki zana abin da aka ajiye a gabanki, ki samu fensir mai kyau ki fere shi, ki saba jan layin suna da rula. Ki fara da zuciyar yau da daddare, in ta zauna ki koma kan ƙoda. Allah ya ba da sa'a.