Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Amsoshin Wannan Mako

Wata malamar firamare daga Jahun ta ce ta ji a rediyo wai "sojojin ƙwaƙwalwa" na taimaka wa sankarar mama ta yaɗu. Tana tambaya, soja kuma ya taimaki abokin gaba?

Malama, "soja" ɗin ce ta rikita ki. Abin da ake nufi shi ne ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda likitoci ke kira maikurogiliya. Wani masani ɗan Sifen, Río Hortega, shi ya bayyana su a 1919, sunan kuma daga Girkanci yake: "ƙarami" da "ɗanko". Aikinsu sintiri da share matattun ƙwayoyi, don haka ni da 'yan sintiri zan kira su. Idan ƙwayar sankara ta baro mama ta biyo jini, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ta shiga, 'yan sintirin kan far mata, amma takan saki sinadaran da ke juya wasunsu har su share mata wurin zama. Da ɗan gari akan ci gari. Kullum ina jin matasa na jefa karin maganar nan a kan zaɓe kawai, kamar don siyasa aka ƙirƙire ta.

Wani daga Dambatta: daji, sankara ko kansa?

Duka ana faɗa. Amma a rubuce ka guji "kansa". Na taɓa karanta "ya mutu da kansa", na daɗe ina jinjina wa marubucin. "Daji" kuwa ina da ƙorafi a kanta, domin ta zo da jela: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Da wannan magana ake riƙe mace a ƙauye, ana shafe-shafe da turare, ƙullutun da aka ji tun yana kamar gyaɗa sai ya fashe kafin a nufi Asibitin Malam Aminu Kano. Ka ce sankara, ita ba ta hana kowa allura.

Ɗalibi daga Ringim: mama ko nono?

Gaban surukarka ka ce mama.